Ina Kuɗin Takardun Mota Ke Shiga, Kuma Wa Zai Gyara Hanyar Ƙauyenmu?

Jama'a, duk wanda ya taɓa ɗora buhun masara a akori-kura daga ƙauye zuwa kasuwa a tsakiyar damina ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Tafiyar rabin awa sai ta koma ta awa biyu. Mota ta kafe a taɓo, fasinja su sauko su tura. Direba ya ƙara kuɗin kaya domin ya san gobe sai ya je wurin makanike. Mai naƙuda kuwa sai a amalanke, wani lokaci ba a kai asibiti da ita.

A irin wannan hali za ka ji direba yana cewa, "To ni da nake sabunta takardun mota duk shekara, ina kuɗin ke zuwa?" Tambaya ce mai kyau. A wannan wata za mu bi sawun kuɗin tun daga aljihun mai mota har inda yake sauka. Za mu kuma duba shawarar da ake kawowa, cewa a riƙa ware wani kaso daga cikinsa musamman domin gyaran hanyoyin karkara.

Hanya iri uku, masu ita uku

Da farko ya kamata mu san cewa ba kowace hanya ce ta gwamnati ɗaya ba. A Nijeriya an kasa hanyoyi gida uku. Akwai na Gwamnatin Tarayya, wato manyan titunan da suka haɗa jiha da jiha, kamar wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Zariya zuwa Kaduna. Akwai na gwamnatin jiha, waɗanda suka haɗa manyan garuruwa a cikin jiha. Sai na ƙaramar hukuma, wato hanyoyin da suka shiga ƙauyuka da gonaki da kasuwannin mako-mako.

Idan aka haɗa tsawon hanyoyin ƙasar nan duka, sun kai kimanin kilomita 200,000. Na Tarayya kimanin 35,000 ne kawai. Na jihohi ma ba su wuce haka ba. Ragowar, wato wajen kashi biyu cikin uku, duk suna wuyan ƙananan hukumomi 774. Tsarin Mulki na 1999, a jadawali na huɗu, shi ya ɗora wa ƙaramar hukuma aikin yin hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su. Ke nan ƙaramar cikin ukun ita ce ta ɗauki kaya mafi nauyi.

Kuɗin da mai mota ke biya

Yanzu bari mu warware takardun ɗaya bayan ɗaya, domin ba aljihu ɗaya suke shiga ba.

Na farko, kuɗin rajista da lambar mota. Wannan ana biyansa ne lokacin da aka sayi mota ko babur za a sa masa lamba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce ta tsara lamba iri ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, amma a ofishin lasin na jiha ake yin rajistar.

Na biyu, lasin mota, wanda ake sabuntawa duk shekara. Wannan kuɗin gwamnatin jiha ne.

Na uku, takardar shaidar lafiyar mota, wadda jami'an duba motoci da aka fi sani da VIO ke bayarwa. Ita ma kuɗinta na jiha ne.

Na huɗu, inshora. Tun daga watan Janairu na 2023 ƙaramar inshorar motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000. Wannan kuɗi na kamfanin inshora ne, domin biyan wanda ka yi wa ɓarna idan tsautsayi ya auku. Ba ruwansa da gyaran hanya.

Na biyar, kuɗin tasha da lasin keke da amalanke da baro da kwalekwale. Waɗannan su ne rabon ƙaramar hukuma. Kuɗin ƙungiya da direba ke biya a tasha kuwa na ƙungiyarsu ne, ba na hukuma ba.

Dubi lambar motar da ke ɗaukar kayanka. Haruffa ukun nan da ke jikinta suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi mata rajista da sunanta: ZAR Zariya ke nan, DAL kuma Dala. Mutane da yawa sun ɗauka saboda haka kuɗin yana komawa can. Ba haka ba ne. Sunan na ƙaramar hukuma ne, kuɗin na jiha.

Daga ofishin lasin sai ina?

Sashe na 120 na Tsarin Mulki ya ce duk kuɗin da jiha ta tara a zuba shi cikin babban asusu guda, wato baitulmalin jiha. Ba a fitar da ko kwabo sai da amincewar Majalisar Dokoki ta hanyar kasafin kuɗi. Saboda haka kuɗin lasin mota yana haɗuwa da harajin albashi da kuɗin fili da sauransu, kamar yadda ƙorama ke shiga kogi. Daga nan ake biyan albashi, a sayi magani, a gina aji, a yi hanya idan an samu rara. Babu wanda zai iya nuna maka cewa ga nairar direba wane, ga ramin da ta cike.

Doka ta ce jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar da ta tara a cikin gida. Ƙananan hukumomi sun daɗe suna kukan cewa wannan kaso ba ya iso musu yadda ya kamata. Babban abin da suka dogara da shi shi ne rabon wata-wata daga asusun Tarayya, kuma albashin ma'aikata da malaman firamare ne ke cinye mafi yawansa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su wannan rabo kai tsaye. Amma ko da kuɗi ya iso, ba wata doka da ta ce ga kason da dole a kashe wa hanya.

Sai dai wannan sashe na 120 ya bar ƙofa a buɗe. Ya yarda Majalisar Dokokin jiha ta yi doka ta kafa wani asusu na musamman domin wani aiki na musamman, ta ce kuɗi kaza can za a riƙa zuba shi. Ta wannan ƙofa ce masu shawarar asusun hanya ke son a shiga.

Me ya sa gyara, ba sabon aiki ba?

Babban abokin gabar hanya shi ne ruwa. Hanyar burji mai kyau ana yi mata doro a tsakiya, domin ruwan sama ya gangara hagu da dama ya faɗa lambatu, daga nan ya bi kwalbati ya wuce. Idan ciyawa da yashi suka toshe lambatu, ruwa sai ya kwanta a kan hanya. Ƙasa ta jiƙa ta yi laushi, taya ta taka ta yi rami. Ramin ya tara ruwa, ya ƙara faɗi. Kafin damina biyu ko uku zaizaya ta cinye gefe, kwalbati ya rufta, hanya ta yanke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gyaran hanya iri uku ne. Akwai na yau da kullum: sharar lambatu, yasar kwalbati, sare ciyawar gefe, cike ƙananan ramuka. Wannan aikin fartanya ne da shebur da baro, kuma leburorin ƙauye suna iya yinsa. Akwai na lokaci-lokaci: bayan 'yan shekaru a kawo gireda ta maido da doron, tifa ta zubo sabuwar marmara a daddaɓe. Sai na gaggawa, idan ambaliya ta tafi da gada ko kwalbati.

Na farkon shi ne mafi araha, kuma shi ne aka fi mantawa da shi, domin ba a yanka masa kirtani, ba a kiran makaɗa. Masana a Bankin Duniya sun lissafa cewa duk naira ɗaya da hukuma ta ƙi kashewa wajen gyaran hanya, masu motoci kan yi asarar naira biyu zuwa uku a mai da taya da kayan gyara. Direba kuwa ba daga aljihunsa zai cike wannan asara ba. A kan buhunka zai ɗora ta. Ashe manomin da ba shi da ko keke shi ma yana biyan kuɗin lalacewar hanya.

Mun ga wannan da idonmu. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar DFRRI, ta buɗe hanyoyin karkara masu yawa. A 1994, bayan kuɗin man fetur ya tashi daga naira 3 da kwabo 25 zuwa naira 11, gwamnatin Janar Abacha ta kafa asusun PTF daga rarar kuɗin, aka ba Janar Buhari shugabancinsa, aka gyara tituna da dama. An rushe shi a 1999. Ayyukan sun yi amfani a lokacinsu, amma da yawa sun koma gidan jiya, domin an yi hanya ba a tanadi kuɗin kula da ita ba.

Yadda asusun hanya ke aiki

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Majalisa ta yi doka ta ce kaso kaza na kuɗin rajista da lasin mota ba zai shiga baitulmali ba, sai asusun hanya. A naɗa kwamitin amintattu, a sa wakilan direbobi da manoma da 'yan kasuwa tare da jami'an gwamnati. A rubuta ƙa'idar rabo. A hana taɓa kuɗin sai don gyara. Duk shekara masu binciken kuɗi su duba littafi, a bayyana wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita.

Wasu ƙasashe sun gwada. Gana ta kafa asusun hanya a 1985, ta sake masa doka a 1997. An riƙa zuba masa harajin mai da kuɗin shingen hanya da gada da kuɗin lasin da duba motoci, kuma sashen hanyoyin karkara yana da rabo a ciki. Tanzaniya ta yi dokar nata asusun a 1998, inda aka ware kashi 30 cikin 100 domin hanyoyin ƙananan hukumomi.

Akwai kuma darasi daga Ingila. A 1920 sun sa harajin mota ya riƙa shiga asusun hanya. Ba a daɗe ba, a 1926, Ministan Kuɗi Winston Churchill ya fara ɗibar kuɗin yana wasu ayyuka da shi. Zuwa 1937 harajin ya koma baitulmali gaba ɗaya. Gana ma a 2017 ta yi dokar da ta rage abin da ke isa irin waɗannan asusu. Wannan ya nuna cewa kafa asusu abu ne mai sauƙi, tsare shi daga hannun mai buƙata shi ne aiki.

A nan gida, an kafa hukumar gyaran titunan Tarayya, FERMA, a 2002. A 2007 aka gyara dokarta, aka ce a riƙa karɓar kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin fetur da gas, FERMA ta ɗauki kashi 40, hukumomin gyaran hanya na jihohi su ɗauki 60. Shekaru suka shuɗe ba a aiwatar ba. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta sake ɗauko wannan kashi 5, ta bar wa Ministan Kuɗi sanya ranar farawa. Haka nan shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 ga jihohi 13, ciki har da Kano, Katsina, Sakkwato, Kebbi da Bauci, ya nemi kowace jiha ta kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun hanya na jiha. Saboda haka maganar ba baƙuwa ba ce a wurin hukumominmu.

Yaya za a raba?

Bari mu yi lissafi da misali, don a gane. A ce wata jiha tana da motoci 100,000, kowace tana biyan naira 5,000 a shekara. An tara naira miliyan 500 ke nan. A ce doka ta ware kashi 40 cikin 100 domin hanyoyin karkara, an sami miliyan 200. Idan jihar tana da ƙananan hukumomi 20 aka raba daidai, kowace ta tashi da miliyan 10.

Miliyan 10 ba za ta shimfiɗa ko kilomita ɗaya ta kwalta ba a tsadar yau. Amma za ta biya leburori su yashe lambatu da kwalbatoci kafin ruwan farko, ta sayi shebur da baro, ta kawo marmara a cike wuraren da mota ke kafewa. Kuma abin da ya fi muhimmanci, kuɗin zai zo bana, ya zo baɗi, ya zo baɗin baɗaɗa. Da yayyafi kogi kan cika.

Wurin da mutanen karkara za su sa ido shi ne ƙa'idar rabo. Idan aka ce kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki abin da motoci masu lambarta suka biya, birni ya kwashe kusan duka, domin a can masu motoci suka fi yawa, a can kuma ake yin rajista. Alhali tifar da ke ɗibar yashi a rafin ƙauye, da gingimarin da ke kwasar hatsi ranar kasuwa, yawanci lambar birni ce a jikinsu. Su biya a birni, su farfasa hanya a ƙauye. Rabon adalci shi ne wanda ya duba tsawon hanyoyin kowace ƙaramar hukuma, da yawan jama'arta, da yawan kayan da ke fita daga kasuwanninta.

Haka kuma bai kamata babba da ƙarami su biya daidai ba. Wani gwaji da injiniyoyi suka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka biyu, ɓarnar da take yi wa titi ba biyu take ninkawa ba, wajen sau 16 ne. Ke nan tirela ɗaya da aka yi wa lodi fiye da kima ta fi dubban babura cin hanya. Adalci shi ne kuɗin lasin ya bi nauyin mota.

Abin da masu suka ke cewa

Ba kowa ne ya yarda da wannan shawara ba, kuma masu sukar suna da hujja. Jami'an kuɗi suna cewa ware kuɗi tun daga tushe ɗaure hannun gwamnati ne. Idan annoba ta ɓarke ko fari ya auku, ga kuɗi a asusun hanya ba dama a taɓa. Suna kuma cewa duk abin da aka cire daga baitulmali, asibiti ko makaranta aka rage wa.

Wasu suna cewa kuɗin lasin ba ya bambanta motar da ke kan hanya kullum da wadda ke ajiye a gida, don haka harajin mai ya fi dacewa, tunda mai yawan tafiya shi ne mai yawan shan mai. Shi ya sa a Gana da Tanzaniya harajin mai ne ƙashin bayan asusun, kuɗin lasin ƙari ne.

Akwai kuma tsoron kada a fake da gyaran hanya a ƙara kuɗin takardu, direba ya ƙara kuɗin mota, talaka ya biya, hanya kuma tana nan yadda take. Wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa shi ne a fara da kuɗin da ake karɓa yanzu, a nuna aiki a ƙasa, kafin a yi zancen ƙari. Mutum ba ya ƙyashin biya idan yana ganin abin da kuɗinsa ya yi.

Sai kuma laifin da ke wuyanmu. Babura da motoci da yawa a karkara ba su da lamba, wasu kuma takardunsu sun mutu da daɗewa. Wasu direbobi sun gwammace su miƙa na goro a hanya da su je ofis. Kuɗin da aka miƙa a bakin titi ba rasit ba ya shiga asusun kowa sai aljihun mai karɓa.

Abin da za mu iya yi

Mai mota ko babur ya yi rajista, ya sabunta takardunsa a ofishin lasin ko a banki, ya karɓi rasit ya adana. Tun a 1998 dokar haraji ta hana kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji. Wanda ya tare ka ya nemi kuɗi ba rasit, ka sani ba hukuma yake tara wa ba.

Ƙungiyoyin manoma da na direbobi da na ci gaban gari su zauna da dagaci da mai unguwa, su rubuta hanyoyin yankinsu, da tsawon kowace, da wuraren da ke yankewa da damina. Su kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma a rubuce kafin a tsara kasafin kuɗin shekara, su riƙe kwafi.

Dokar asusun hanya aikin Majalisar Dokokin jiha ce. Saboda haka idan ɗan majalisarku ya zo gida, ku tambaye shi: nawa jiharmu ta tara daga takardun mota bara? Nawa aka kashe wajen gyaran hanyoyin karkara? An kafa asusun hanya ko ba a kafa ba? Idan an kafa, su wa ke cikin kwamitin, kuma da wace ƙa'ida ake rabo? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin wannan bayani a rubuce. Tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kafin hukuma ta iso kuma, kada mu naɗe hannu. Aikin gayya na yini ɗaya a bazara, a yashe kwalbati a buɗe wa ruwa hanya, yana iya ceton hanyar gari damina guda. Kada a zuba shara a lambatu. Kada a yi noma har cikin magudanar ruwa. Kada a haƙa ƙasar gini a gefen hanya. Masu amalanke su guji bin tsakiyar burji ranar da aka yi ruwa mai yawa, domin sawun da suka bari nan ruwa zai bi.

Hanya ita ce ke kai taki gona, ta kai hatsi kasuwa, ta kai mara lafiya asibiti, ta kawo malami makaranta. Masu motoci suna biya duk shekara, manomi ma yana biya ta kuɗin buhu. Abin da ya rage shi ne a yi dokar da za ta maido wani kaso na wannan kuɗi kan hanyar da aka same shi, mu kuma mu sa ido mu ga ya iso. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya kai mu damina lafiya.